Jawabi a kan teyatur da baƙinmu

 

A watan Fabrairu na 2015, da Boko Haram ta auka wa Bosso da Difa, mutane suka yi ta biyo hanyar Gure suna neman mafaka. Tsofaffinmu sun san irin wannan tun farin 1973 da yunwar 1984. Saukar baƙo ba ta da wuya. Wuyar tana bakin rijiya, ranar da ruwa ya ja baya, aka ce baƙuwa ta jira sai 'yan gari sun gama ɗiba, ko wajen aron gona idan damina ta kusa. Wannan magana ba ta faɗuwa a gaban mai gari, don kunya.

Amma a dandali tana faɗuwa. Zamanin Seyni Kunce, da aka farfaɗo da samariya, su Yazi Dogo a Damagaram sun taɓo abin da ake jin nauyin faɗi, jama'a na dariya. Shi muke so mu maido.

Sharaɗinmu ɗaya: kada a yi wasan a kan baƙi, a yi shi tare da su. 'Yar gari ta fito a baƙuwa mai tulu, baƙuwa ta riƙe guga. Kowa ya yi da harshensa, Hausa, Barbarci ko Fulatanci. Wasan Barebari da Fulani ma ya ishe mu gishiri. Bayan wasa kada a watse, a zauna a tsai da yadda za a riƙa ɗibar ruwa.

Mai son shiga ya ba magatakarda sunansa.