Batirin Lithiyam: Gwajinsa da Ƙa'idojin Jigilarsa



Hausawa kan ce araha ba ta ado. Wannan lacca za ta auna gaskiyar maganar nan a kan batirin lithiyam, musamman wanda akan saya a musanya idan na asali ya mutu.

Tun 1991, lokacin da kamfanin Sony ya fara sayar da irin wanda ake yi wa caji, batirin nan ya mamaye wayoyi da kwamfutoci, domin ga shi ƙarami, ga ƙarfi. To, amma a cikinsa akwai ruwa mai saurin kama wuta, da wata siririyar fata da ta raba ɓangarorinsa biyu. Da zarar fatar ta huje, sai zafi ya yi ta haifar zafi, wuta ta bi batura ɗaya bayan ɗaya. Ran 3 ga Satumba 2010 jirgin saman kamfanin UPS, ɗauke da dubban batura, ya kama wuta ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadi gwaji takwas a sashe na 38.3 na littafinta na gwaje-gwaje, kuma wajibi ne kowane samfurin batir ya tsallake waɗanda suka shafe shi kafin a yi jigilarsa. Akan ajiye shi sa'a shida inda aka rage iska kamar can ƙololuwar samaniya. Akan yi ta kai da kawo da shi har sau goma tsakanin zafin digiri 72 da sanyin digiri 40 ƙasa da sifili. Akan girgiza shi, a buga shi, a haɗa bakunansa biyu da gangan, a matse shi, a ɗura masa caji fiye da kima, a kuma tatse shi da ƙarfi. Wanda ya fashe ko ya kama wuta ya faɗi ke nan.

Cin gwaji kaɗai bai wadatar ba. Daga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, ta hana loda baturan caji zalla a rumbun jirgin fasinja. A jirgin kaya ma kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100. Daga 2020 kuwa, tilas masu ƙerawa da dillalai su iya gabatar da takardar sakamakon gwaji.

Nan ne gizo ke saƙar. Batirin jabu yakan zo da tambari mai ƙyalli, amma ba takarda. Saboda haka jami'in kwastan, da akawun da ke sayo wa ofis kaya, da ɗalibin da zai canja batirin wayarsa, kowa na da haƙƙin tambayar asalin abin da aka miƙo masa. Batirin da ya kumbura kuma, a daina yi masa caji nan take, kada a huda shi. Rigakafi dai ya fi magani.