Bashin Da Ke Kan Gidajenmu

Iyayenmu, malamai, 'yan uwa mazauna Lafia, maganar yau mai nauyi ce, amma gara mu yi ta tsakaninmu.

Magabatanmu da suka zo garin nan fatauci, jarinsu amana ce. Manomi Tibi ko Eggon ya ba mutum doya ko riɗi bashi, in ya sayar ya kawo kuɗi. Wancan bashin neman riba ne, na yanzu kuwa na ci ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, maigida na ɗaukar hatsi bashi kafin wata ya raba, uwargida ta ranto kuɗin kayan ɗakin 'ya, saurayi kuma ya ci na waya, wanda in ya makara sai a bi abokansa ana ɓata masa suna. Gida ɗaya, bashi uku, ba wanda ya san na wani!

To ɓoyewar nan ita ta fi damunmu. Sai an yi rasuwa, ana zaman makoki, masu bin bashi su fara sallama. Kun san ba a raba gado sai an biya bashi, wani lokaci har gidan marayu a sayar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Muna roƙon kowane magidanci, kafin taro na gaba, ya tara iyalinsa a rubuta abin da ake bin gidan da ranar biya. Wanda nasa ya fi ƙarfinsa ya ga dattawan ƙungiya a keɓe.