Ƙarar Kongo a Paris

A Disambar 2024 gwamnatin Kongo ta kai ƙarar rassan kamfanin Apple a Faransa da Beljiyam, bisa zargin cin moriyar ma'adinan fagen yaƙi. Apple ya musanta, masu gabatar da ƙara a Paris kuma suka rufe maganar a Fabrairun 2025.

To, amma ramukan haƙar ma'adinai na Rubaya a Kongo suna nan. Tun 2024 'yan tawayen M23 ke karɓar haraji a hannun masu haƙar ma'adinin koltan da shebur, a tsallakar da buhuna Ruwanda, a cakuɗa, asali ya ɓace. Kamfanin Intel ya yi shelar tsarkake ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa daga irin wannan ma'adini tun 2014. Madalla. Sai dai mai sayen waya a Lyon takardar kamfani kawai zai dogara da ita.