Gado A Ingila: Hukuma Kan Ɗebi Nata Kafin Magada

Da yake jawabi ga 'yan'uwa matasa, Malam ya bayyana cewa a Ingila hukuma kan karɓi kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000 a dukiyar mamaci, adadin da bai canza ba tun 2009.

Ya ba da misali da mutumin da ya bar tsabar kuɗi fam 600,000. A cire bashi da kuɗin jana'iza 25,000, da 100,000 da ya bar wa matarsa, saura 475,000. In cikin shekara bakwai kafin rasuwarsa ya yi wa ɗansa kyautar da aka lissafa 50,000, rangwamen ya koma 275,000. Harajin ragowar 200,000 shi ne 80,000.

Daga ƙarshe Malam ya ja kunnen masu 'yan'uwa a can da su sa su rubuta wasiyya da ranar kowace kyauta, don kada marayu su sha mamaki.