Gani Fawehinmi da Buɗe Ƙofar Kotu ga Talaka



Idan aka ambaci lauya marigayi Cif Gani Fawehinmi, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne yawan ɗauri. Gaskiya ne ya sha ɗauri. Gwamnatin Babangida ta kai shi gidan yarin Gashuwa a 1989, ta Abacha kuma ta kai shi na Bauci a 1996. Amma ni a ganina, babban gadon wannan haifaffen Ondo yana cikin hukunce-hukuncen da ya sa kotuna suka yanke.

A da, sai ka nuna cewa abu ya taɓa ka kai tsaye kafin alƙali ya saurare ka. Wannan sharaɗi na hurumin shigar da ƙara ya daɗe yana kare masu iko, domin wanda aka zalunta sau da yawa yana tsare, ko ba shi da kuɗin lauya, ko ma ya riga mu gidan gaskiya. Da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin ƙunshin saƙo a ranar 19 ga Oktoba, 1986, Gani ya nemi a gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da yake zargi. Aka ce masa ina ruwanka, kai ba danginsa ba ne. Bai haƙura ba sai da ya dangana da Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1987 cewa yana da hurumi. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba, abin kuwa yana min ciwo. Duk da haka ƙofar ta buɗu, kuma ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009, shekarar da Gani ya rasu, sun hana korar irin wannan ƙara bisa hujjar rashin hurumi.

Tsarewar da Abacha ya yi masa ma ita ce ta haifar da hukuncin 2000, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta zama dokar ƙasa, ana iya kafa hujja da ita a kotunanmu.

Ga kuma aikin da ba a cika yabawa ba. Tun 1985 ya fara buga hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako, ta yadda ƙaramin lauya a Gusau ko Jalingo zai riƙe makami iri ɗaya da na babban lauyan Legas.

Ƙannena ɗaliban aikin lauya, akasarin mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Doka ta ba ku damar tsaya musu ko da ba ku haɗa dangi ba. Ina roƙonku, idan kun fara aiki, kowa ya ɗauki ƙarar mutum ɗaya daga cikinsu kyauta, ya bi ta har ƙarshe.