Laba da kilo: bayani kan lambar da ke jikin buhun abinci

Jami'in kariya ya ce in yi muku bayani da Hausa kan maganar da ta taso ranar rabo, cewa wai ana tauye mana abinci.

Buhunan da ke zuwa daga Amurka lamba biyu ke jikinsu: 110 da "lb", sai 50 da "kg". Wannan 110 ɗin ba kilo ba ce, laba ce, ma'aunin Amurkawa. Laba ɗaya giram 454 ce, ba ta ma kai rabin kilo ba.

Ga lissafin: ku raba lambar biyu, ku cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. Rabin 110 shi ne 55. A cire 5 da rabi, saura 49 da rabi, kusan kilo 50 ke nan.

Saboda haka lambar "kg" za ku duba, da ita ake rabo. Wanda ke shakka ya nemi a ɗora kasonsa a sikeli a gabansa, haƙƙinsa ne. In bai cika ba, ya zo teburin ƙorafi, ina nan zan fassara masa.

Allah ya mayar da mu gida lafiya.