Da Wane Mudu Aka Auna?



Idan mai bincike kan halayyar ɗan'adam ya ce abu kaza yana da tasiri, kada ku yarda sai kun yi masa tambaya biyu: da wane mudu ya auna, kuma a kan wa?

A 1977 Mary Smith da Gene Glass na Amurka suka tattara bincike 375 game da warkar da damuwar rai ta hanyar tattaunawa da masani. Da ma'auni irin na Jacob Cohen, wanda ke gwada tazarar da ke tsakanin rukuni biyu, suka sami 0.68. Cohen kuwa ya kira 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Masu suka sai suka juya wannan adadi zuwa wani ma'auni, suka ce ai kashi 10 cikin ɗari kaɗai na bambancin da ke tsakanin majinyata wannan magani ya bayyana, watau aikin banza ne. A 1982 Robert Rosenthal da Donald Rubin suka nuna cewa wannan kashi 10 daidai yake da a ɗaga yawan masu samun sauƙi daga 34 zuwa 66 cikin ɗari. Hatsin dai ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Tambaya ta biyu kuwa ita ce ta abin da ke ƙara wa tasiri ƙarfi ko ya rage shi, kamar shekaru ko jinsi. Rosenthal ya sha kafa misali da gwajin asfirin da aka yi wa likitoci 22,071 a Amurka. A rahoton 1988, mutum 104 ne ciwon zuciya ya buge cikin masu shan maganin, alhali 189 ne cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Amma da aka duba shekaru a rahoton 1989, sai aka ga ashe waɗanda suka kai hamsin ne kaɗai amfanin ya bayyana gare su. Adadi guda na jimla ya ɓoye wannan gaskiya.

Gobe ku ne za ku zauna a ma'aikatu, a kawo muku rahoto a ce ku sa hannu a kashe dukiyar talakawa. Wanda bai yi tambayoyin nan ba yana iya rushe shiri mai amfani domin ya ga adadi ƙarami, ko ya ɗora wa kowa abin da kaɗan ne zai amfana.